Yadda Ake Zaɓa da Kammala Rukunin Kwasa-kwasan Jigo a Digirin Farko a Amurka

Ɗalibanmu da suka sami gurbin karatun digirin farko a Amurka, da iyayen da suke ɗaukar nauyinsu, suna yawan maimaita tambaya guda: me ya sa wanda ya je karanta ilimin halittu za a ce sai ya ɗauki kwasa-kwasai uku a falsafa ko tarihi kafin a ba shi shaidar kammalawa, kuma ta yaya ake zaɓen waɗannan kwasa-kwasan? Wanda ya san jami'o'in Najeriya ya san kwasa-kwasan GST, inda ake tara kowa a babban ɗakin lacca a koyar da Turanci da al'adun al'ummomin ƙasa da falsafa da sasanta rikici, ba tare da an tambayi ra'ayin kowa ba. A jami'o'in Amurka da dama ɗalibi ne da kansa yake zaɓen jigo guda a wajen fanninsa, sannan ya bi kwasa-kwasai uku ko huɗu masu alaƙa da juna a ƙarƙashin jigon, waɗanda a nan zan kira rukuni. Wannan 'yancin zaɓi alheri ne babba, amma a nan ne kuma ake yawan yin tuntuɓe, domin wanda ya ɗauke shi a matsayin GST ɗin da za a cike a gurguje yakan farga ne bayan lokaci ya ƙure.

Zan yi amfani da tsarin Jami'ar Rochester da ke jihar New York a matsayin misali daga farko har ƙarshe, saboda dokokinta a bayyane suke, sannan in ambaci wasu jami'o'in inda bambancin yake da muhimmanci.

1. Nemo dokar shekarar da ka shiga

Abu na farko shi ne sanin sunan da jami'arka take kiran wannan tsari, domin da shi za ka yi bincike a shafinta na intanet. A Rochester sunansa Cluster. A Jami'ar Buffalo da Jami'ar Santa Clara ana kiransa Pathway, a Jami'ar Jihar Ohio Theme, a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts (MIT) kuma Concentration. Adadin ma ya bambanta. Rochester tana neman kwasa-kwasai uku, aƙalla kiredit 12 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas), a kowane rukuni. MIT tana neman uku ko huɗu daga cikin kwasa-kwasai takwas na adabi da fasaha da zamantakewa da ta wajabta wa kowane ɗalibi. Santa Clara tana haɗa kwasa-kwasan da rubutun tunani a ƙarshe, inda ɗalibi zai bayyana yadda suka haɗu da juna.

Bayan ka sami sunan, ka buɗe kundin kwasa-kwasai na jami'ar, ka tabbatar na shekarar da ka fara karatu ne, ka sauke shi ka adana a kwamfutarka.

Gargaɗi: jami'o'i suna sauya wannan tsari lokaci zuwa lokaci. Buffalo ta fara sabuwar manhajarta a 2016, Jihar Ohio kuma a 2022, kuma a irin wannan sauyi galibi kowane ɗalibi yana bin dokar shekarar shigarsa. Saboda haka shawarar ɗan'uwan da ya riga ka da shekara uku tana iya zama gaskiya a kansa, ta zama kuskure a kanka. Ka saurare shi kan halin malamai da nauyin aiki, amma batun doka ka ɗauko shi daga kundin.

2. Gane ɓangaren da fanninka ya faɗa

Rochester ta raba ilimi gida uku: ɓangaren adabi da falsafa da harsuna, ɓangaren ilimin zamantakewa, da ɓangaren kimiyya da injiniyanci. Babban fanninka yana cike gurbin ɗaya daga cikin ukun, sai ka yi rukuni ɗaya a kowanne daga cikin biyun da suka rage. Wanda yake karanta ilimin halittu zai yi rukuni a adabi da wani a zamantakewa; wanda yake karanta tattalin arziki zai yi ɗaya a adabi, ɗaya a kimiyya. Ɗaliban wasu fannonin injiniyanci, saboda cunkoson kwasa-kwasansu, rukuni ɗaya ake nema daga gare su tare da ɗan ƙari.

Kada ka dogara da rabon tsangayoyi da ka sani a gida. A jami'o'inmu da yawa tarihi yana tsangayar adabi, amma a Rochester yana cikin ilimin zamantakewa, tare da tattalin arziki da kimiyyar siyasa da ilimin halayyar ɗan'adam. Ɗalibin da ya yi kwasa-kwasan tarihi uku yana zaton ya gama da ɓangaren adabi zai tarar ya cike gurbin da ba shi ya nufa ba. Kowane rukuni yana da lamba da ta fara da harafin da ke nuna ɓangarensa, H ko S ko N, kuma duba wannan harafin ba ya ɗaukar minti guda.

3. Zaɓen jigo

A nan ne nake ganin ya kamata ɗalibi ya tsaya ya yi tunani sosai, domin duk sauran matakan aikin takarda ne, wannan kuwa shi ne zai nuna ko kwasa-kwasai shida, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na digirinka, za su amfane ka ko za su wuce a banza.

Jami'ar tana da injin bincike na rukunai a shafinta, inda za ka iya nema ta sashe ko ta ɓangare, kuma rukunan suna da yawa ƙwarai. Kada ka fara da tambayar wanne ya fi sauƙi. Ka fara da rubuta abubuwa uku ko huɗu da kake son fahimta waɗanda fanninka ba zai koya maka ba. Mai niyyar zama likita da ya ga yadda mutane suke gudun asibiti su tafi wurin mai maganin gargajiya zai sami amsoshi a ilimin nazarin al'ummomi da al'adunsu, waɗanda ba zai same su a ɗakin gwaje-gwaje ba. Mai karanta kimiyyar kwamfuta da yake tunanin buɗe kamfani yana bukatar tattalin arziki. Mai karanta kimiyyar siyasa zai ci moriyar ilimin ƙididdiga har ƙarshen rayuwarsa ta aiki, ko da kuwa lissafi bai taɓa yi masa daɗi ba. A ganina, rukunin da ya fi dacewa shi ne wanda yake da ɗan nisa da fanninka amma yake amsa wata tambaya da ta dame ka da gaske, domin sha'awa ce kaɗai za ta riƙe ka idan karatun ya yi nauyi a kwas na uku.

Hanya mafi aminci ita ce ɗanɗanawa a shekarar farko. A kowane zango na shekarar ka sa kwas ɗaya na matakin gabatarwa daga ɓangaren da ba naka ba, ka zaɓi wanda yake cikin rukunai fiye da ɗaya. Idan ya yi maka, ka riga ka ci kashi ɗaya cikin uku na rukunin. Idan bai yi maka ba, kiredit ɗinsa yana nan cikin jimillar da ake nema don kammala digiri, ba ka yi asara ba.

Batun harsuna yana bukatar kulawa ta musamman ga ɗalibanmu. Da yawa suna zuwa da Larabcin Islamiyya, 'yan Nijar da Kamaru da Chadi kuma da Faransanci, sai su ga kamar rukunin harshe ganima ce. Sassan harsuna suna tantance matakin ɗalibi kafin su sa shi a aji, kuma wanda ya ƙware ba a barinsa ya zauna da masu koyon haruffa. Wanda ya yi sakandare da Faransanci zai iya samun kansa a kwas ɗin adabi inda ake karanta littafi guda cikin mako biyu a rubuta sharhi a kansa. Wannan ba abin gudu ba ne, hasali ma dama ce mai kyau, amma a shige ta da sanin nauyinta. Mai Larabcin Islamiyya kuma yakan tarar nahawunsa ya fi na 'yan ajin ƙarfi, magana da sauraro kuwa sai ya dage.

Gargaɗi: kada ka zaɓi rukuni don abokanka suna ciki, kuma kada ka zaɓe shi saboda malami ɗaya tak. Malamai suna tafiya hutun bincike, suna sauya jami'a, suna yin ritaya, rukunin da ya dogara da mutum ɗaya kuwa yana iya tsayawa cak a shekararka ta uku.

4. Tantance rukunin a takarda

Idan ka rage zaɓinka zuwa rukunai biyu ko uku a kowane ɓangare, ka ɗauki takarda, ko ka buɗe jadawali a Excel ko Google Sheets, ka rubuta kowane kwas da ke cikin rukunin a layinsa. A gaban kowanne ka cike abubuwa huɗu: yawan kiredit ɗinsa, kwas ɗin da aka shardanta a yi kafin shi, zangon da ake bayar da shi, da kuma sau nawa aka bayar da shi a shekaru biyu ko uku da suka wuce. Bayani na ƙarshen nan ba a cikin kundin yake ba, sai ka koma jadawalin zangunan baya a shafin rijista, kuma shi ne ya fi sauran muhimmanci. Akwai kwasa-kwasan da sunansu yake cikin kundi amma an shekara biyu ba a koyar da su ba.

Rukunai iri biyu ne a aikace. Akwai masu hawa-hawa, inda dole a yi na ɗaya kafin na biyu, na biyu kafin na uku, kamar harsuna da lissafi da tattalin arziki. Irin waɗannan suna bukatar zanguna uku a jere ko kusa da haka, kuma kwas ɗin farko na harshe galibi a zangon Agusta zuwa Disamba kawai ake buɗe shi, na biyu kuma a zangon Janairu zuwa Mayu, saboda haka wanda ya rasa na farko ya rasa shekara guda cur. Akwai kuma masu faɗi, inda aka jera kwasa-kwasai takwas ko goma aka ce ka zaɓi uku, wani lokaci da sharaɗin ɗaya ya kasance na matakin sama. Idan fanninka mai cunkoso ne, da awannin ɗakin gwaje-gwaje da suke cinye yammaci, ka yi ƙoƙari aƙalla ɗaya daga cikin rukunanka biyu ya zama mai faɗi, don ka sami wurin juyawa idan lokutan darasi suka ci karo.

Ka lura da ɓoyayyen sharaɗi. Rukuni yana iya nuna kwasa-kwasai uku, amma na ukun yana neman wani kwas ɗin lissafi da ba a lissafa a cikin rukunin ba, sai ukun su koma huɗu. Ka kuma lura da kiredit: a Rochester yawancin kwasa-kwasai kiredit 4 ne, amma akwai masu 2, musamman a rawa da kiɗa, kuma uku daga irin waɗannan ba za su kai 12 ɗin da ake nema ba.

Daga nan ka nemi tsarin darasin kowane kwas daga sashen ko daga malamin. Takarda ce mai shafi uku zuwa shida da take nuna littattafan da za a karanta, yawan rubuce-rubuce, da yadda aka raba maki. A kwasa-kwasan adabi da zamantakewa, jarrabawar ƙarshe sau da yawa kaso kaɗan take ɗauka, ragowar yana kan rubutun gida da magana a aji. Ɗalibin da ya saba da yin shiru duk zango ya haddace littafi ya amayar ranar jarrabawa zai sha mamaki idan ya ga an ware maki ga tofa albarkacin baki a tattaunawa.

5. Shimfiɗa zanguna takwas

Digirin Rochester kiredit 128 ne, wato kwasa-kwasai 32 masu kiredit 4, huɗu a kowane zango har zanguna takwas. Ka zana gidaje 32. Ka fara cike na babban fanninka, domin su ba sa motsi, sannan kwas ɗin rubutu na shekarar farko wanda aka wajabta wa kowa, sannan ka rarraba kwasa-kwasai shida na rukunanka biyu a sauran guraben. Tun ran gini ran zane: tsarin da na fi amincewa da shi shi ne biyu a shekarar farko, biyu a ta biyu, biyu a ta uku, a bar shekarar ƙarshe ba bashin rukuni ko ɗaya. Dalili shi ne shekarar ƙarshe tana zuwa da aikin bincike, da neman aiki ko gurbin digiri na biyu, kuma idan ka faɗi kwas a zango na takwas babu sauran wurin gyara.

Kada ka tara kwasa-kwasai biyu masu yawan karatu da rubutu a zangon da kake da kwas mafi wuya a fanninka. Ka duba ranar Juma'a ma tun yanzu, domin a Amurka ranar aiki ce kamar kowace, kuma darasin da ya faɗa tsakanin ƙarfe 1 da 2 na rana zai riƙa cin karo da sallah duk mako. Sau da yawa kwas guda yana da aji fiye da ɗaya, sai ka zaɓi wanda lokacinsa ya yi maka.

Gargaɗi ga mai bizar ɗalibai ta F-1: doka ta wajabta maka ɗaukar aƙalla kiredit 12 a kowane zango, kuma kwas ɗaya kacal na intanet ake lissafawa a cikin wannan adadi. Duk wani tsari da zai sauko da kai ƙasa da 12 sai da izinin ofishin ɗaliban ƙasashen waje tun kafin ka aiwatar.

6. Zama da mai ba da shawara

Ka kai jadawalin nan wurin mai ba ka shawara kan karatu, a buge ko a kwamfuta, kada ka je hannu rabbana kana jiran ya zaɓa maka. A Rochester akwai cibiyar ba da shawara ta kwaleji a ginin Lattimore, ban da mashawarcin da aka haɗa ka da shi. Tambayoyin da za ka yi masa takamaimai ne: shin wannan kwas da fannina yake nema zai iya shiga rukuni kuma, ko dokar hana cin tudu biyu ta hana? Shin kiredit ɗin da na shigo da shi daga wata makaranta ko daga jarrabawar share fage zai shiga rukuni? Shin kwas ɗin da zan yi a wata ƙasa a shirin musayar ɗalibai zai karɓu? A yawancin jami'o'i amsar waɗannan tambayoyi tana da iyaka da sharuɗɗa, kuma kiredit ɗin da aka karɓa a jimillar digiri ba lallai ne a karɓe shi a rukuni ba.

Bayan zaman ka aika masa saƙon imel na godiya, ka jera abin da kuka cimma a ciki, ka roƙe shi ya tabbatar. Wannan ba rashin yarda ba ne. Mashawarta suna canjawa, maganar baka kuwa ba ta da shaida bayan shekara biyu.

Ana bayyana rukunai a hukumance ne lokacin da ake bayyana babban fanni, wato kafin ƙarshen shekara ta biyu. Yin kwasa-kwasan kaɗai bai isa ba, sai an shigar da lambar rukunin a takardunka.

7. Rijista

Rijistar zango mai zuwa takan buɗe a watan Nuwamba da kuma wajajen Afrilu, kuma 'yan shekarar ƙarshe ake fara ba wa dama, sannan a gangaro. Kwasa-kwasan gabatarwa masu farin jini da ƙananan azuzuwan tattaunawa suna cika da wuri. Ka shirya zaɓi na biyu da na uku daga cikin rukunin tun kafin ranar, ka tabbatar babu wani takunkumi a kan asusunka saboda bashin kuɗin makaranta ko takardar rigakafi da ba ka kai ba, domin irin wannan yana hana rijista gaba ɗaya. Idan aji ya cika, ka shiga jerin masu jira, ka rubuta wa malamin gajeren saƙo cikin ladabi cewa kwas ɗin yana cikin rukuninka, sannan ka halarci darasin farko. Mutane suna ficewa a makon farko, gurbi yakan samu.

8. Kula da maki

Rochester tana neman matsakaicin C, wato 2.0 a ma'aunin 4.0, a kan kwasa-kwasai ukun rukunin gaba ɗaya. A wannan ma'auni A maki 4 ne, B 3, C 2, D 1. Wanda ya sami B da C da D ya tara 6, a raba uku ya ba da 2.0, ya tsallake da ƙyar. Wanda ya sami C da C da D ya tara 5, matsakaicinsa ya tsaya wajen 1.67, rukunin bai cika ba duk da cewa bai faɗi kwas ko ɗaya ba, kuma dole ya maimaita ɗaya ko ya ƙara wani daga jerin.

A nan akwai abin da yake rikita ɗalibanmu a zangon farko. A Najeriya maki 70 cikin 100 A ne, amma a yawancin azuzuwan Amurka A tana farawa ne daga wajen 90, 70 kuwa tana gindin C. Wanda ya ga 72 a rubutunsa na farko ya yi murna, alhali yana bakin rami. Ka duba tsarin darasin ka ga yadda malamin yake juya lamba zuwa harafi, kuma idan rubutun farko bai yi kyau ba ka je ofishinsa a awannin da ya ware don ganin ɗalibai, ka je cibiyar koyar da rubutu ta jami'a. Duka biyun ba a biyan ko sisi a kansu.

Gargaɗi na farko: jami'ar tana ba da damar ɗaukar wasu kwasa-kwasai a tsarin ci ko faɗuwa kawai, ba tare da harafi ba, amma kwas ɗin da aka ɗauka a haka ba ya shiga rukuni. Gargaɗi na biyu: kwafar rubutun wani ba tare da ambaton tushe ba laifi ne babba a can, kuma a kwasa-kwasan adabi da zamantakewa aka fi faɗawa cikinsa, saboda su ne masu yawan rubutu. Ka koyi salon ambaton madogara da malamin yake so tun makon farko, ka kuma karanta abin da ya rubuta game da amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira kafin ka taɓa su.

9. Lissafin kuɗi

Ba a biyan kuɗi daban don rukuni, yana cikin kuɗin zango. Amma yana da kyau a san darajarsa. Kuɗin karatu kaɗai a Rochester ya haura dala 60,000 a shekara, ban da masauki da abinci da inshorar lafiya. Idan aka raba wannan a kan kwasa-kwasai takwas na shekara, kowane kwas ya haura dala 7,500, rukuni ɗaya ya haura dala 22,500, biyun kuma sun haura 45,000. Ko da tallafi kake karatu, wani ne ya biya wannan kuɗin dominka, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana a zaɓi rukuni da wasa.

Kuɗin da yake fita daga aljihu kai tsaye shi ne na littattafai da kayan aiki. Sabon littafin darasi na kimiyya ko tattalin arziki yakan haura dala 100, wasu kuma suna zuwa da lambar shiga shafin aikin gida wadda ba a sayenta a hannu na biyu. Kwasa-kwasan adabi suna neman ƙananan littattafai da yawa, waɗanda galibi ana samunsu a ɗakin karatu ko a saya tsofaffi da araha. Kwasa-kwasan zane da ɗaukar hoto suna iya zuwa da kuɗin kayan aiki. Kada ka sayi komai sai bayan darasin farko.

Babbar asara tana zuwa ne daga jinkiri. Kwas ɗin bazara ana biyansa daban, bisa yawan kiredit, kuma tallafin jami'a sau da yawa ba ya ɗaukarsa. Zango na tara kuwa, wanda kwas ɗaya da aka manta yake iya jawowa, yana zuwa ne bayan tallafin da aka tsara shi kan zanguna takwas ya ƙare, ga kuma kuɗin haya da abinci na ƙarin watanni.

10. Sauya rukuni ko faɗaɗa shi

Ana iya sauya rukuni bayan an bayyana shi, kuma ba abin kunya ba ne. Kafin ka sauya, ka koma injin bincike ka duba ko kwasa-kwasan da ka riga ka yi suna cikin wani rukunin na ɓangaren, domin sau da yawa kwas guda yana bayyana a rukunai da yawa na sashe ɗaya, sai ka sauya ba tare da ka koma farko ba. Idan kuma an daina bayar da kwas ɗin da ya rage maka, akwai takardar neman musanya wadda sashen da ke da rukunin yake amincewa da ita. Ka nemi amincewar kafin ka yi rijistar kwas ɗin da kake son musanyawa da shi. Wanda ya gama kwas sannan ya zo neman a karɓa ya sa kansa a hannun sa'a.

Idan jigon ya kama zuciyarka, ƙarin kwasa-kwasai biyu ko uku kan mayar da rukunin ƙaramin fanni, wanda yake cike gurbin ɓangaren kamar yadda rukuni yake yi, kuma ya fi nauyi a idon mai ɗaukar aiki ko kwamitin digiri na biyu. Rochester tana da wani shiri mai suna Take Five, inda ɗaliban da aka zaɓa suke samun ƙarin zango ɗaya ko shekara guda ba tare da kuɗin karatu ba don zurfafa wani jigo a wajen fanninsu. Kuɗin zama yana kan ɗalibi, kuma ɗan ƙasar waje zai bukaci a tsawaita masa takardunsa.

11. Binciken ƙarshe

Shafin rijista yana da wurin da yake nuna abin da ka cika da abin da ya rage na sharuɗɗan digiri. Ka buɗe shi a ƙarshen kowane zango bayan fitowar sakamako, ka tabbatar kowane kwas ya zauna a gurbin da ka nufa, domin na'ura tana iya ajiye kwas ɗin rukuni a cikin na zaɓi idan lambar rukunin ba ta shiga daidai ba. Bincike mafi muhimmanci shi ne wanda za ka yi kafin rijistar zango na bakwai, tare da mashawarcinka, lokacin da akwai sauran zanguna biyu na gyara. Idan jami'arka tana neman rubutun tunani ko kundin ayyuka a ƙarshe, kamar Santa Clara da Buffalo, ka riƙa adana kowane rubutu da tsarin darasi tun daga kwas na farko a wuri guda, domin shafukan kwasa-kwasai sukan rufe bayan zango ya ƙare.

Idan duk da haka lissafi ya nuna ba za ka gama a kan lokaci ba, ka duba ranar ƙarewar karatu da ke rubuce a takardarka ta I-20, wato takardar da jami'a take ba ɗalibin ƙasar waje don bizar karatunsa, ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka nemi tsawaitawa tun kafin ranar ta zo, tare da wasiƙar mashawarcinka da shaidar kuɗin da zai ɗauki ƙarin zangon. Bayan ranar ta wuce ofishin ba shi da ikon tsawaita ta.